Zauren Iyali: Kafin a Shafa Fatiha, a Duba Takarda



Kwanan baya wata baiwar Allah 'yar Banki ta yi sallama a zauren mahaifina a Kolofata, da katinta na zama a hannu, wa'adinsa ya kusa cika. Mahaifina ne ya ɗaura mata aure da wani ɗan Kamaru: ga waliyyi, ga sadaki, ga shaidu. Amma da ta je sabunta kati aka nemi takardar aure, ba ta da ita. Daga baya kuma uwargida ta fito da tata takardar, wadda aka rubuta cewa mijin ya zaɓi tsarin mace ɗaya. Nan take auren da gari duka ya shaida ya zama abin jayayya.

Irin wannan ba baƙon abu ba ne a Mayo-Sava. Tsakanin Amcide da Banki taku kaɗan ne, kuma mun gaji auratayya da mutanen Bama da Gwoza tun kaka da kakanni. Sai dai tun bayan hare-haren 2014 bincike ya tsananta, wanda ba ya da takarda kuwa yana shan wahala a hanyar Mora.

Ga abin da doka ta tanada. Dokar baƙi ta 10 ga Janairu 1997 ta ba katin zama shekara 2, babban katin mazauni kuma shekara 10. Baƙon da ya auri ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa yana da haƙƙin babban katin bayan wata 18 da aure, bisa sharaɗin zamansa bisa ƙa'ida yake, auren yana nan, abokin zaman bai bar zama ɗan Kamaru ba, kuma an shigar da auren cikin rajistar Kamaru. A wannan sharaɗi na ƙarshe ne mafi yawanmu ke tuntuɓe. Fatihar masallaci ta halatta aure a shari'a, amma jami'i rubutun ofishin magajin gari yake nema. Haka nan, wanda ya sa hannu a kan tsarin mace ɗaya, aurensa na biyu ɓatacce ne a idon doka muddin na farkon yana nan.

Saboda haka, ya iyaye da waliyyai, idan mai neman 'yarku yana da mata, ku nemi ganin takardar aurensa na fari. Babu cin fuska a cikin wannan, kare amana ce. Bayan ɗaurin aure kuma a hanzarta yin rajista tun ana zaman lafiya, domin ranar da saɓani ya shigo, miji ko danginsa ba lalle su ba da haɗin kai ba.

Ke kuwa da rigima ta riga ta same ki, kada ki bari katinki ya mutu kina jiran sulhu. Ki kai buƙatarki kafin wa'adi, ki adana rasit, ki tattara shaidun aurenki da takardun haihuwar yara, ki nemi shawarar masanin doka. Kada ki yarda a haɗa miki takardar jabu, domin ita ce ke mai da mai gaskiya mai laifi.

Mu ma 'ya'yan malamai da namu laifin. Da an yi tambaya guda a zaurenmu ranar ɗaurin auren, da baiwar Allahn nan ba ta shiga wannan hali ba. Yanzu mahaifina ba ya ɗaga hannu sai ya tambaya.

Allah Ya kiyaye mana zuri'a, Ya sa mu dace. Sai fitowa ta gaba.