Ka sauke buhu ɗaya, ya fi ka faɗaɗa inji

Duk wanda ya zauna gindin bishiyar masu gyaran moto a Tasawa ko Mayahi ya san wannan magana: "Maigida, moton nan ba ya ja, a ƙara mishi ƙarfi." Sai a buɗe inji, a faɗaɗa silinda, a sa babban fistin, a huda salansa don ya riƙa ruri. Mai moto ya biya, ya tafi yana murna. Bayan wata biyu sai ga shi ya dawo yana turawa.

Mu dai a ganinmu, galibin motocin da ake kai ma wannan aiki ba ƙarfi suka rasa ba. Kaya ne ya yi musu yawa.

Bari mu yi lissafi, don lissafi ba ya son kai. Moto irin namu, Kasea ko Royal ko Haojue mai lamba 125, nauyinsa bai wuce kilo 110 zuwa 120 ba, ƙarfinsa kuma wajen doki 10. Mu ce kilo 110, direba kilo 70. Jimla 180, kowane doki yana jan kilo 18. Ɗora buhun hatsi mai tiya 40, wato kilo 100: kowane doki ya koma jan kilo 28. Ƙara buhu na biyu, kamar yadda muke gani ranar kasuwa a hanyar Kanan Bakashe ko ta Korgom: kilo 38. To yanzu a ce mai gyara gwani ne, ya mai da injin 150, ƙarfi ya kai doki 12, wanda da wuya ya kai. Da buhu biyu, kowane doki yana jan kusan kilo 32. Ka gani? Injin da aka kashe ma kuɗi, da buhu biyu, bai kamo wanda ba a taɓa ba mai buhu ɗaya.

Kuma wannan lissafin kan gudron ne. Mu ƙasarmu jigawa ce. Da ka sauka daga babbar hanyar Maradi zuwa Damagaram, ko daga wadda ta taso daga Cadawa zuwa Mayahi, rairayi za ka shiga. Wanda ya taɓa ƙetare Gulbin Kaba da rani ya san nauyi shi ke nutsar da taya. Idan taya ta nutse, ƙarin ƙarfi ba abin da yake yi sai haƙa rami. Kana murɗa wuta, tayar baya tana watsa ƙasa, kuloci yana ƙonewa, inji yana ɗaukar zafi. Injinan nan iska ke sanyaya su, ba ruwa ba. A watan Afrilu, rana ta wuce digiri 40, kana tafiyar hawainiya cikin rairayi da giya ta ɗaya, wace iska za ta sanyaya shi? Wanda aka faɗaɗa kuwa bangon silindarsa ya rage kauri, zafin da yake haifarwa ya ƙaru.

Abin da ya fi damunmu ma ba injin ba ne, birki ne. Mai gyara yana iya ƙara ma inji doki biyu, amma birkin nan dai shi ne wanda kamfani ya sa, da sarƙar, da wayoyin taya, da ƙarfen da ke riƙe da komai. An yi su ne don mutum biyu da ɗan kaya. Moto mai kilo 380 ba ya tsayawa inda mai kilo 180 ke tsayawa, ko da gudunsu ɗaya. Akuya ta gitta, ko yaro ya fito daga bayan amalanke, a nan ake gane bambancin. Kuma sau nawa ne kayan ba buhu ba ne, mace ce da goyo da yara biyu, babu mai kasko ko ɗaya?

Ga kuma mai. Tun da Najeriya ta cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, man 'yan ruwa-ruwa ya daina zama na banza. Gaskiya ne a Yulin 2024 an sauke lita daga sefa 540 zuwa 499, amma ba mu manta layukan gidan mai na watan Maris 2025 ba, ga matatar SORAZ nan kusa da mu a Damagaram. Babban fistin babban ciki gare shi, kullum sai ya sha, ko da kaya ko babu.

Wani zai ce ai kan gudron ƙarfi shi ne magana. Haka ne, ba mu musa ba. Idan gudu ya yi yawa, iska ce ke tare moto fiye da nauyi, a nan ƙarfi ke aiki. Amma nawa ne ribar? Ƙarin ƙarfi kashi 20 cikin 100 ba ya ba da ƙarin gudu sai wajen kashi 6. Mai yin kilomita 90 a awa ya koma 95. Daga Tasawa zuwa Maijirgi ko shayi ba za ka riga kowa sha ba.

Su kansu masu tseren duniya, da suke da kuɗin ƙera duk injin da suke so, tsoron rashin nauyi suke. A gasar MotoGP doka ce moto kada ya gaza kilo 157, don an san wanda ya rage nauyi ya ci riba a tashi, a kwana, da wajen tsayawa gaba ɗaya. Ƙarfi kuwa wuri ɗaya yake amfani.

Sai dai a yi hattara, kada samari su ji mun ce a rage nauyi su tafi su kwance moto. Mun san salon: a cire madubi, a cire fitilar sigina, a cire marufin sarƙa, wai moto ya yi sauƙi. Duka ka tara su ba su kai nauyin tiya biyu ba. Mafi muni shi ne cire matatar iska don inji ya "numfasa". Da ƙurar hunturu irin tamu, wannan kamar ka riƙa zuba ma inji rairayi da cokali ne. Nauyin da muke nufi yana kan kariya, ba jikin moto ba.

Mun san inda gizo ke saƙa. Ɗan kabu-kabu da buhu ake biyansa, sawu biyu mai biyu ne, kuma mai moton da ya ba shi yana jiran kuɗinsa da marece. Ba ma raina wannan. Amma a haɗa kuɗin faɗaɗa inji, da kuloci, da sarƙa, da tayar baya da ke cinyewa kafin lokacinta, da kwanakin da moto ke kwance gareji ba ya kawo ko dala, a gwada da kuɗin lita guda.

Wanda kuma sana'arsa dole sai da kaya cikin jigawa, akwai gyara mai araha da masu gyara suka sani: a sa farantin sarƙa na baya mai haƙora da yawa. Gudu zai ragu kaɗan, ja zai ƙaru, inji bai san an yi ba. A wanke matatar iska kowane mako, a canza baƙin mai kan lokaci, a ɗan rage iskar taya in za a shiga rairayi, a mayar in an hau gudron. Buhu uku da huɗu kuwa, na amalanke ne ko mai ƙafa uku, ga su nan a tasha suna jiran ciniki.