Ƙaryar "Filogi Ai Filogi Ne"

Ranar da janaretana ta ƙi tashi, na kai ta wurin wani bakanike a nan Ƙofar Sauri. Ya kwance filogi, ya ga ya yi baƙi ƙirin, ya aiki yaronsa shago: "Ka ce a ba ka mai sauƙi." Da na ce a duba lambar tsohon tukuna, sai ya yi murmushi: "Alhaji, filogi ai filogi ne." Bayan mako biyu injin ya sake mutuwa.

Ban ga laifinsa sosai ba, abin da ya tarar maigidansa na faɗa ke nan. Da mu nake, mu da muka yi boko: likitan da ba ya rubuta magani sai ya san nauyin mara lafiya, amma ya yarda a ɗaura wa motarsa duk abin da yaron shago ya laluɓo.

Haruffan da ke jikin farin tangaran na filogi bayani ne. Ɗauki BPR6ES na kamfanin NGK, wanda ake sa wa injin Honda GX160, irin da ke jan injinan ban ruwa da yawa a fadamunmu. B na nufin kaurin zarensa milimita 14 ne, E na nufin tsawon zaren milimita 19, R kuma yana da abin da ke hana tartsatsinsa damun na'urorin lantarki. Lamba 6 ita ce zuciyar maganar, domin ita ke nuna saurin da filogi ke zubar da zafi. Bakinsa na bukatar ya tsaya tsakanin digiri 500 da 800 ko kusa da haka. In ya gaza, baƙin hayaƙi ya lulluɓe shi, wuta ta daina tsallakawa. In ya zarce, sai ya kunna mai kafin lokacinsa, har ya iya huda fistin. Wani tarkon kuma: a NGK, ƙaruwar lamba na nufin filogi mai saurin hucewa, a Bosch kuwa akasin haka ne. Wanda ya ce "shida ai shida ce" ya riga ya ɓata.

Akwai kuma masu kuɗin cikinmu, da suka ji sunan iridiyom suka ɗauke shi lambar girma. Gaskiya ne a motar da aka ƙera dominsa yana iya kai kilomita 100,000, alhali na gama-gari ana canja shi tun wajen 30,000. Amma sa shi a ƙaramar janaretar da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, ai sa wa jaki sirdin sarki ne: zai daƙune kamar kowane. Kuma in an miƙo maka "iridiyom" a farashin na gama-gari, jabu ne cikin kwali mai kyau.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake jefar da tsohon filogi ba a karanta shi ba. Busasshen baƙi na cewa mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma a hunturun Katsina ƙura ce kan toshe matatar iska. Baƙi mai maiƙo na cewa baƙin mai na kutsawa inda wuta ke ci. Fari fat, injin na ƙuna. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane tartsatsin da ya kuskure, fetur ne da ka saya da tsada ke fita ta salansa bai yi aiki ba.

Tawa janaretar, ashe matatar iska ce ta toshe. Na wanke sosonta, na sayi filogi mai lambar da littafin injin ya ce, na sa aka auna tazarar bakinsa, milimita 0.7. Bakaniken ya karɓi kuɗin aikinsa yana girgiza kai, har yau yana ganin ɓarna na yi.