Ƙishirwar Wake da Ƙishirwar Jini: Kada a Raba Bincikensu

A kan titin Zariya, a Gyaɗi-Gyaɗi, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. A kan titin Sabo Bakin Zuwo kuwa akwai reshen Kano na cibiyar IITA mai binciken amfanin gona. Mai karatu zai ce ina ruwan likita da wake? A ganina, tambaya ɗaya ke gabansu: me ƙwayar halitta take yi idan ta shiga matsi?

Bari mu fara da wake. Idan ƙasa ta bushe, tsiro yakan tara wani sinadari da masana ke kira ABA. Shi ne ke umartar ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye su rufe, don kada ruwa ya tsere. Amma rufewar tana da tsada, domin ta waɗannan ƙofofi ne iskar da tsiro ke haɗa abincinsa da ita take shiga. A 1999, B. B. Singh da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani a Kano, bayan sun shuka wake a akwatunan katako, suka hana shi ruwa. Wani iri yakan tsaya cik, ya daina girma. Wani kuwa yakan sadaukar da tsofaffin ganyayensa na ƙasa, ya kai ruwansu ga toho, ya ci gaba da girma a hankali. Cikin masu wannan dabara ta biyu har da Ɗan Ila da Kanannaɗo, wato irin da manomanmu suka daɗe suna adanawa tun kafin wani ya zo da akwatin gwaji.

A ɗakin masu sikila kuma, lamarin ya fi ciwo. Tun 1957 Vernon Ingram ya nuna cewa tubali ɗaya tak ne ya sauya a furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin cikin jini. Idan oksijin ya ragu, furotin ɗin yakan manne da juna ya zama zaruruwa, jar ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Idan ƙwayar ta rasa ruwa, mannewar takan ƙara sauri. Shi ya sa ake matsa wa mai sikila da shan ruwa, musamman a zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan kai digiri 40 a Kano.

Akwai ma inda tsiro da mutum suka haɗu sosai. A 1962 wani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, ya lura cewa zafi yana tada wasu sassan gadon halittar ƙuda. Daga baya aka gane cewa furotin ɗin da suke samarwa masu gadi ne, suna tallafar sauran furotin kada zafi ya warware su. Akwai su a wake, akwai su a jikinka.

Wasu za su ce ƙasar da ke fama da tsadar magani da taki ba ta da kuɗin leƙen ƙwayoyin halitta. Ban raina wannan magana ba, amma ban yarda da ita ba. Maganin hydroxyurea da ake bai wa masu sikila yana aiki ne ta ƙara irin furotin ɗin jinin jarirai, wanda ke hana mannewar. Ba a kai ga wannan ba sai da aka san abin da ke faruwa a cikin ƙwayar.

Saboda haka ina kira ga Jami'ar Bayero, wadda ke da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa da kuma tsangayar likitanci, ta zaunar da ɗaliban ɓangarorin biyu a darasi ɗaya kan wannan fanni, su yi tarayya a ɗakin gwaji da na'urori, tunda na'urar da ke karanta gadon wake ita ce ke karanta na mutum. Kuma a ware kuɗin tattara tsofaffin irin manoma daga ƙauyuka, tun kafin sababbin iri su kore su daga rumbu.