Ba 'Yan Ruwa Ke Kifar da Jiragenmu Ba



A zaman karatun da muka yi kwanan baya a nan cikin birnin Zazzau, wani ɗan'uwa ya karanto mana gajeren labarinsa. Jirgin 'yan kai amarya ya kife a tsakiyar kogi, wai don wata 'yar ruwa ta ƙyalla ido ta ga ango. Muka tafa masa, har da masu share hawaye. Babu ko ɗayanmu da ya tambaya mutum nawa jirgin ya ɗauko, ko da ƙarfe nawa ya bar gaɓa. Laifin ba na marubucin kaɗai ba ne, har da mu masu tafi, kuma a kan wannan laifin za mu yi magana yau.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu 'yan birni iyakar ruwanmu Kubanni da Galma. Da yawanmu ba mu taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba, shi ya sa duk lokacin da labari ya kai mu bakin kogi sai mu kira aljani ya fitar da mu kunya. In ba aljani ba, sai mu rubuta "ƙaddara ta riga fata", mu rufe babi. Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ya koya mana ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Marubucin da ya ɓoye lalacin bincike a bayan ƙaddara ya cuci mamatan, ya cuci mai karatu.

Ga abin da muke kauda kai a kansa. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin katako mai inji ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, ɗauke da mutum sama da 150, da babura, da buhunan ƙasar haƙar zinare. Bai isa ba. Ranar 30 ga Nuwamba ta wannan shekarar, jirgin da ya taso daga Badau ya nutse a madatsar Watari ta Bagwai, jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, galibinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi. A Yunin 2023, sama da mutum 100 'yan dawowa daga biki suka rasu cikin dare a yankin Patigi na jihar Kwara. A cikin waɗannan ina 'yar ruwa take? Abin da ke akwai lodi ne fiye da kima, da tafiyar dare, da tsohon katako, da rashin rigar kariya.

Kafin mu sake rubuta jirgi, mu san shi. Babban jirgin da ake sa wa inji a baya shi ne babbar motar mutanen kogi. Shi ke kai buhunan shinkafa da albasa kasuwa, ya ɗauki shanu da babura, ya kai mai naƙuda asibiti a inda titi bai kai ba, ko inda 'yan bindiga suka tare hanya. Girmansa ke ba shi damar yanka igiyar ruwan da ƙaramin kwale-kwale ba ya tunkara idan iska ta taso a tafkin Kainji. Amma kowane buhu da aka ƙara yana rage tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. Idan tazarar ta dawo taƙi ɗaya, igiya guda ta isa. Sannan tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da dazuzzukan gaɓa, kututturan itatuwa suka rage a ƙarƙashi. Mai tuƙi da filafili in ya taɓa kututture sai ya yi tangal-tangal ya wuce. Mai inji da cikakken lodi in ya dake shi a guje cikin duhu, katako tsagewa yake. Ku haɗa da tsadar fetur tun cire tallafi a Mayun 2023, za ku gane abin da ke sa mai jirgi ya cusa sawu biyu a sawu ɗaya. Wannan ba uzuri muke ba shi ba, dalili muke nunawa, kuma dalili shi ne abincin labari.

Ba kuma jahilcin ruwa ke damun mutanen kogi ba. Sarkawa da Gungawan Yawuri sun daɗe suna farautar dorina da kada da ayu daga cikin jirgi. A farkon shekarun 1950, Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim na Sarkawan Nijar suna haɗa ƙaton jirgi musamman don farautar dorina da zago. Mutanen da suka san irin jirgin da zai iya tunkarar dorina sun fi kowa sanin nauyin da katako zai ɗauka. Abin tambaya shi ne yadda aka yi maganar Sarkin Ruwa ta daina tasiri a bakin gaɓa, kuɗin fasinja ya fi ta ƙarfi. Bafaranshe ya tako tun daga ƙasarsa ya rubuta mutanenmu da kyamara, mu da muke jin harshen kasuwarsu muna can muna kai taurarinmu Dubai.

Wani zai ce adabi ba rahoton jarida ba ne, kuma Ruwan Bagaja da Abubakar Imam ya rubuta, aka buga a nan Zariya, cike yake da abubuwan al'ajabi. Haka ne, kuma ba mu ce a kori aljanu daga tatsuniya ba. Amma Imam nishaɗi ya yi da ruwan da babu shi. Mu kuwa muna ɗaukar ruwan da ya ci yaran Badau mu jingina wa aljana, mai jirgi ya fita fes, hukuma ta fita fes. Hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar kariya. Wa ke tsayawa a bakin ruwa ya tabbatar an bi? Ga tambayar da labaranmu suke taimakawa a binne.

Haka masu cewa a haramta jiragen katako gaba ɗaya, daga kan kwalta suke magana. Ka hana jirgi yau, ka hana ƙauye kasuwa da asibiti gobe. Gyara ake nema: a ƙidaya fasinja, a cire kututture, a raba riguna, a hana tashi bayan magariba.

Don haka ga roƙonmu. Duk mai son sa jirgi a labarinsa ya je Yawuri ranar kasuwa, ko Bagwai da ta fi kusa. Ya zauna da matuƙi, ya tambayi kuɗin mai da na fasinja, ya ga inda ruwa ke tsayawa a jikin katako idan an gama lodi. Gani ya kori ji. Wanda bai samu zuwa ba, ya bar jirgin ya isa gaɓa lafiya, ya nemi wata hanyar raba amarya da ango.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, mu kuma ya shiryi alƙalumanmu. Fili naku ne, mai ja ya ja da hujja.