Yaron da Aka Yaye

Mu Hausawan Briqueterie da Nkomkana muna maƙwabtaka da Kirista shekaru aru-aru, amma da wuya mu tambayi abin da ke cikin addu'o'insu. A kan dutsen Fébé, sufaye mabiya Benedikt suna rera Zabura safe da yamma. Ƙa'idar da ya rubuta a ƙarni na 6 ta tanadi a sauke waƙoƙinta 150 duk mako.

Biyu daga cikinsu sun isa a tsaya a kansu. Ta 13 ta buɗe da kuka: sau huɗu mai roƙo yana tambayar yaushe wahalarsa za ta ƙare. Kafin ta rufe, sai ga shi ya jingina ga rahamar Ubangiji, alhali ba a ce maƙiyinsa ya fāɗi ba. Abin da ya sauya yana cikin ƙirjinsa: ya farka ga rahamar da ke tare da shi tun farko. Ta 131 kuwa ta kwatanta rai da yaron da aka yaye yana kwance jikin uwarsa. Nono ya ƙare, natsuwa ta zauna.

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce gare mu. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a cikin Ihya'u cewa tawakkali hali ne na zuciya, har ya misalta shi da jaririn da bai san mafaka ba sai uwarsa.

Sai dai mu yau mun mai da tawakkali ciniki. In kasuwa ta ci a Mokolo, mu ce Allah ya ji ƙanmu. In gobara ta lashe rumfa, mu ce an manta da mu. Irin wannan dogaro hasara ɗaya ke karya shi, daga nan kuma sai ƙofar boka.

Wani zai ce wannan kira ne zuwa kasala. Ko kusa. Bahaushe ya ce, Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma mai kwanciyar zuciya shi ke iya sake kafa rumfa bayan toka ta huce. Mu koya wa 'ya'yanmu su san rahamar Allah a ranar rashi kamar yadda suka san ta a ranar samu.