Kakin Janar Da Ƙuri'ar Talaka: Muhawarar Da Na Taras A Ɗanzomo

Kwanakin baya ta'aziyya ta kai ni Ɗanzomo, cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar ta masarautar Gumel. Bayan sallar la'asar muka koma kan tabarmi a gindin darbejiya, kamar yadda aka saba kuwa, da aka yi wa mamaci addu'a sai hira ta gangara kan zaɓen 2027. Wani matashin malamin makaranta ya ce shi a ganinsa, tunda tsaro ya taɓarɓare haka, babu abin da ya fi dacewa illa a sake nemo tsohon soja wanda ya san ƙamshin albarushi a damƙa masa ƙasar. Jama'a da dama suka gyaɗa kai. Sai wani dattijo da ke jingine da bango, wanda aka ce mini ya bar soja yana saje, ya janye wandonsa ya nuna wani tsohon tabo a ƙwaurinsa, ya ce, "Malam, wannan a 1968 na samo shi. Sau biyar ina bin layi ina zaɓen janar. In ka gama lissafinka, ka zo ka faɗa mini abin da ƙuri'ata ta yi wa ƙafar nan." Malamin ya ce, "Baba, ai ba don kai kaɗai ake zaɓe ba." Dattijon ya ce haka ne, amma da sunansa ake neman ƙuri'ar.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta biyo ni har gida, domin ta taɓo wani abu da mu 'yan boko muka daɗe muna kewaye shi.

Mai karatu ya tuna cewa tun daga 1966 har zuwa 1999, in aka cire shekaru huɗu da 'yan watanni na Alhaji Shehu Shagari da watanni uku na Ernest Shonekan, hafsoshin da yaƙin basasa ya ratsa ta kansu ne suka riƙe ƙasar nan: Gowon, Murtala, Obasanjo, Buhari, Babangida, Abacha da Abdulsalami. Da aka dawo mulkin farar hula ma ba ta canja zane ba, domin a cikin shekaru 24 da ke tsakanin 1999 da 2023, shekaru 16 na Obasanjo da Buhari ne. Zaɓen 19 ga Afrilun 2003 kuwa tamkar taron tsofaffin abokan gaba ya zama, ga Obasanjo a PDP, ga Buhari a ANPP, ga kuma Odumegwu Ojukwu, madugun Biyafara da kansa, a APGA. Mutum uku da suka yi yaƙi ɗaya, biyu a wannan ɓangare ɗaya a wancan, kowannensu yana neman a tuna masa da abin da ya yi tsakanin Yulin 1967 da Janairun 1970.

Ba zan yi wa masu ra'ayin malamin nan rashin adalci ba, suna da hujja. A zaman ma akwai wani tsohon kofur da ya tsaya musu, ya ce wanda ya taɓa binne abokinsa a ramin da ya haƙa da hannunsa ba ya gaggawar kiran yaƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Gowon ne, yaƙi na ƙarewa, ya yi shelar cewa babu wanda ya yi nasara, babu kuma wanda aka ci da yaƙi, a lokacin da duniya ke zaton za a yi ramuwar gayya. Obasanjo ne ya haɗiye hukuncin kotun duniya na 2002 kan Bakasi, ya sa hannu a yarjejeniyar 2006 da Kamaru, alhali masu zuga a yi yaƙi sun cika Abuja, mafi yawansu kuwa ba su taɓa jin ƙarar harsashi ba sai a talabijin.

To amma shi wannan Obasanjon, yana sanye da babbar riga ba kaki ba, a zamaninsa aka tura sojoji Odi a 1999 da Zaki Biyam a 2001, abin da ya faru a garuruwan nan kuma ba abin alfahari ba ne. Mu a Arewa namu darasin ya fi kusa. A 2015 mun fito ƙwanmu da ƙwarƙwatarmu, Jigawa na sahun gaba, muka zaɓi Janar Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, babbar hujjarmu ita ce soja ne, ya yi yaƙin basasa a Runduna ta Ɗaya, kuma a 1983 ya kori sojojin Chadi daga tsibiran tafki. Ba na musun cewa an samu sauƙin bama-bamai a Kano da Kaduna da Abuja. Sai dai a ƙarƙashin wannan janar ɗin ne aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, yana Daura a lokacin, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022, manoman Zamfara kuma suka koma biyan 'yan bindiga haraji kafin su girbe abin da suka shuka. Ashe iya jan bataliya daban, iya sarrafa kasafin kuɗi da majalisa da gwamnoni 36 da 'yan kwangilar makamai daban. Mutanen Ingila sun gane haka tun 1945, lokacin da suka yi wa Churchill godiya kan nasarar yaƙi sannan suka kayar da jam'iyyarsa a akwati. A Amurka ma John McCain ya shafe fiye da shekara biyar a kurkukun Biyetnam, kowa ya girmama shi, amma a 2008 Obama aka zaɓa.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayar da sajen ya ɗora: shin yaƙin wa ake sayar mana? Sojan Nijeriya bai wuce kimanin mutum dubu 10 ba kafin yaƙi, ya kai wajen dubu 250 a ƙarshensa. Daga ina wannan ƙari ya fito? Daga irin su Gumel da Maigatari da Gagarawa, da ƙauyukan Binuwai da Filato da Borno, samarin da aka yi wa horon 'yan makonni aka loda a jirgin ƙasa zuwa kudu. Su ne suka nitse a Kwara a Oktoban 1967 sa'ad da Runduna ta Biyu ta Murtala ta yi ta yunƙurin tsallakawa daga Asaba zuwa Anacha. Su ne suka ƙone a kwanton ɓaunar Abagana a Maris na 1968. Hafsoshin da suka tsira sun rubuta littattafai, har suna ƙaryata juna a kan wanda ya ci wane gari, kamar yadda Birgediya Alabi-Isama ya yi wa littafin Obasanjo raddi a 2013. Farabiti da kofur da saje ba su rubuta komai ba. Da yawansu an sallame su a rage yawan soja da aka yi bayan yaƙi, suka dawo gona, ko suka ƙare a gadin gidajen waɗanda ba su san inda Abagana take ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A Janairun 2025 tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja, suka hana shiga da fita, suna neman haƙƙoƙinsu da aka riƙe. A watan Fabrairun da ya biyo baya, a cikin wannan gari dai, Janar Babangida ya ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarsa, attajirai suka yi alkawarin biliyoyin naira a zama ɗaya. Ban ce Babangida bai yi yaƙi ba, shi ma an harbe shi a fagen daga a 1969. Amma harsashin da ya same shi da wanda ya sami sajen Ɗanzomo ƙarfe ɗaya ne. Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni, ana sakin tantabaru, ana liƙa wa manya alamar tunawa da 'yan mazan jiya a ƙirji, washegari kuma dattijon da ya haura saba'in ya shiga motar haya zuwa wajen tantancewa domin ya tabbatar wa ofis cewa bai mutu ba tukuna.

Ra'ayina, saboda haka, shi ne mu raba abubuwa biyu da aka cakuɗa mana. Wanda ya yi wa ƙasa yaƙi yana bin mu bashi, bashin nan kuma ana biyansa ne da fansho a kan kari, da asibiti, da makarantar marayunsa. Kujerar shugaban ƙasa aiki ce da ake ba mutum domin abin da zai yi gobe. In tsohon janar ya fito takara, marhabin da shi, tsarin mulki ya ba shi dama, amma a yi masa tambayoyin da za a yi wa malamin makaranta ko ɗan kasuwa, a kuma ƙara masa da ɗaya: yaran da ka jagoranta, ina suke, me ka yi musu tun da ka tuɓe kaki?

Maganar ba ta tarihi ba ce kawai. Zaɓen 2023 ya zo babu janar ko ɗaya a cikin manyan 'yan takara huɗu, 'yan ajin 1967 kuma suna ta ƙarewa, amma tun 2009 ƙasar nan ke ƙyanƙyasar sababbin 'yan mazan jiya a Borno da Yobe da dazuzzukan Zamfara. Daga cikin kwamandojinsu wasu za su shiga siyasa, za kuma su zo mana da hotunan Sambisa a jikin fasta. Ya kamata 'yan majalisarmu na tarayya daga Jigawa su nemi a bayyana wa jama'a adadin matan sojojin da suka rasu a wannan yaƙi waɗanda har yanzu ba a biya su ba, tun kafin a fara buga fastocin.

Da aka kira magariba muka tashi. Malamin makarantar nan ne ya ɗauko wa sajen sandarsa, ya riƙe masa buta har ya gama alwala. A hanyar masallaci na ji yana cewa, "Baba, duk da haka ni soja zan zaɓa." Dattijon ya ce masa ya zaɓa, amma ya fara zuwa ranar Alhamis ya kai shi Maigatari a babur, akwai akuyar da zai sayar ya sayi magani.