Jita ɗaya ta isa

1/ Jiya na yanki tikiti na kalli wata mawaƙiya a makarantarmu. Ba DJ, ba kamfanin da ya tsaya mata. Daga ita sai jitarta da wata malfa mai gashin jimina.

2/ Ta rera waƙar akuyar da ke son zama lakcara, muka sha dariya. Can tsirkiya ta tsinke, ta ce mu tafa, ta ƙarasa a haka.

3/ Wannan fa shi ne wasa, ba a kunna waƙa mutum yana motsa leɓe ba. Ai Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake riƙe taro a zamaninsa.

4/ Don Allah mu daina roƙon shiga kyauta. In ba mu biya ba, irinta jingine jitar za su yi.